Bencin Soso a Bayan Akori-kura

Hannunta na fara gani a madubin gefe. Ta riƙe ƙarfen rumfar motar gam, lallen yatsunta ya fara koɗewa, duk ramin da na faɗa sai hannun ya zame ya sake kamawa. Malamar firamare ce a Dugabau, kullum da safe tana shiga motata daga Gwarzo. Da can gaba take zama, kusa da ƙofa. Da Shari'a ta zo aka ce maza gaba, mata baya, sai ta koma kan bencin katako tare da masu tallan nono da buhunan masara.

Motar akori-kura ce ta kawuna, tsohuwa, sai an tura take tashi. Ni kuwa lokacin littattafan soyayya na kasuwa sun cika mini kai, a kan sitiyari nake karanta su ina jiran lodi. A cikinsu saurayi yakan buɗe wa budurwa ƙofar mota mai kujeru masu laushi, ta shiga tana sunkuyar da kai. Ni abin da nake da shi benci ne mai tsinin ƙusa. Ban taɓa ce mata komai ba bayan ina kwana. Sai na ƙudurta cewa bencin zai yi magana a madadina, kuma ranar da ta gane don wa aka yi, ranar zan nemi hanyar gidansu.

Na ɗauko katifar soson ɗakina na tsaga ta biyu. Mai gyaran kujeru ya lulluɓe ta da jar leda, kafinta ya ƙara majingina, aka ɗaure bencin da noti a jikin bodi don kada ya yi rawa a gargada. Inna ta leƙo ta gan ni a tabarma.

“Ka ba mota katifa, kai ka kwanta a ƙasa? Allah ya shirye ka.”

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne layi. A tasha motar da ke gaba ita ke lodi, sai ta cika ta tashi sannan ta baya ta matso. Kuma zamanin matsi ne, taya sai ta gwanjo, direban da ya rasa lodin safe gidansa ba a ɗora tukunya. To mata suka ɗanɗani soso. Sai su zo su wuce motar da ke kan layi, su jibge kayansu a gindin tawa.

“Mu ta mai katifa muke jira.”

Akwai wani dattijon direba mutumin Kara, tsohon ɗan dambe, muna kiransa Baba. Ya same ni ina goge ledar da tsumma.

“Kai ɗan nan, cire wannan gadon amaryar daga motarka.”

“Haba Baba, ai kai ma kana iya sa wa taka.”

’Yan kamasho suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Ranar kasuwa ce abin ya faru. Motar Baba ce a gaba, tun sassafe bayanta wayam. Malama ta iso da jakarta, ta wuce shi, ta hau tawa ta zauna ta jingina. Mata suka bi ta. Ina tsaye ina jin daɗi kamar wanda aka yi wa bushara, sai na ji an shaƙe ni ta baya da wuyan rigata. Baba ne. Ya buga kaina da ƙarfen rumfa. Kafin in juyo ya kai mini naushi a baki, na ji haƙorana suna yawo a kan harshena kamar tsakuwa. Na faɗi. Sauran direbobin da na zata za su raba mu suka zo da bel da sifanar taya. Wani ya taka mini hannu, wani yana zuba mini bel a gadon baya yana cewa, “Ɗan gayu! Mai katifa!” Jini ya cika mini ido, ƙasa ta cika mini baki.

Mata suka yi ta dirowa suna salati, ƙwaryar nono ta fashe. Baba ya hau bayan motar da wuƙa, ya farke ledar daga wannan kai zuwa wancan, yana yagar soson da hannu yana watsarwa. Da majinginar ta ƙi fita sai ya sa ƙafa ya karya ta. Yana yi yana huci, hawaye na zubo masa.

’Yan hisba suka iso, aka janye shi. Wani a cikin taron ya nuna Malama ya ce ai saboda ita aka yi bencin, kowa ya sani. Ina kwance na ɗaga kai, ko a wannan halin ina jiran abin da littafi ya ce zai faru. Ta gyara hijabinta ta ce wa ɗan hisbar, “Malam, ni ciwon baya gare ni shi ya sa nake shiga. Wallahi ko fuskarsa ban sani ba.”

Da gaske take, na ji a muryarta.

Shugabannin tasha suka yanke cewa ni na ɓata layi, suka hana ni lodi. Kawu ya karɓe makullinsa. Da hannuna ya warke na koma facin taya a bakin titin Kabo.

Shekaru da yawa bayan haka na kai ’yata makarantar firamare a Gwarzo, aka ce in ga shugabar makaranta. Ita ce. Ta yi jiki, ta sa tabarau, malamai na shigowa suna rusunawa. Muka gaisa, ta tambayi iyali da aiki, ta dubi giɓin bakina kamar yadda ake duban na kowa. Ta tambayi yarinyar sunanta, ta ce ta fito da wuri ranar Litinin, kuma a yanke mata farce.