Maraƙin da Aka Bari a Baya

Ban taɓa mantawa da ranar da Baffa Buba ya kayar da ni a gwajin tuƙi ba. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Tunda kun ce in faɗi wani abu a kansa, wannan zan iya faɗa.

Shekaru kaɗan ne bayan an ba mu jiha. Ƙa'idar wurin aikinmu a Dutse ita ce, ba a damƙa wa sabon direba bas sai ya yi sawu uku da babban direba a gefensa. In babban ya sa hannu, a ba ka makulli. In ya ƙi, ka koma jira. Baffa Bafulatani ne, ya yi kiwo kafin ya kama sitiyari. Direbobi kan ce ba tuƙa mota yake yi ba, kora ta yake kamar garke. Shi kuma kowa a cikinmu "Kaɗo" ne a bakinsa.

Sawuna na uku hanyar Kafin Hausa muka bi, da kaka, mota cike. Wajen Aujara muka tarar da shanu na tsallaka titi, na tsaya. Saniyar ƙarshe tana sauka daga kwalta, fasinjoji suka fara: "Direba, ba ta wuta mana, rana na yi!" Na sa giya, na ba ta wuta.

"Birki, Kaɗo!"

Na taka tun ban san dalili ba, mutane suka hantsilo gaba. Sai ga wata farar saniya ta juyo a guje ta gitta gabanmu, har ƙahonta ya gogi fitila. Da na ƙara gudu kaɗan, ko in buge ta, ko in kauce in jefa mutane cikin ramin gefen hanya.

Baffa ya nuna mini hagu da baki. Ga maraƙi nan bayan wani kalgo, bai tsallaka ba.

"Tun daga nesa uwar take waiwaye," in ji shi. "Kai ina kake kallo?"

"Titi, Baffa."

"Titi ya taɓa tashi ya bugi mota?"

Waɗanda suka zuga ni su suka fi kowa dariya.

Da muka dawo Dutse ya ƙi sa hannu. Na ce, "Haba Baffa, ai na tsaya." Ya ce, "Ƙafar taka ce, idon nawa. Ni kuwa ba a haɗa ni da makulli a ba ka." Sai da na ƙara mako biyu, yana zaune yana tambayata me na gani a gefen hanya, kafin ya sa hannu.

Na ga haɗurra da yawa bayan nan, wasu da abokan aikina a ciki, ba na son lissafa su. Akasari ba birki ne ya ƙi ba. Gaggawa ce, da biye wa bakin fasinja, da ido da ya tsaya kan kwalta kawai. Ku matasa, in babba ya hana ku mota, kada ku ƙullace shi. Yana so ne ku kai shekarun da za ku zauna ku ba da labarinsa, kamar yadda nake yi yau.