Laraba a Wayar Yaya

Mutanen layin suna kiransa Auta, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Sana'arsa rubuta manhajojin waya, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki, inda ƙarar kekuna ke ratsa daɓe tun safe har la'asar. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai kiyaye sallah a kan lokacinta. Shi ne ya zauna da mahaifiyarsu bayan yayansa ya tafi aiki wata ƙasa mai nisa ta gabas, ba da yardarta ba.

Umma ba ta taɓa fahimtar aikinsa ba. "Sarkin danne-danne," takan ce idan ya dawo, "yau me aka danno mana?"

Da ciwonta ya tsananta, ya rubuta wa gidan ƙaramar manhaja domin kowa ya riƙa ganin ranakun asibiti. Ya gwada ta a wayarsa, da ta matarsa, da ta telan ƙasa. Duka suka yi daidai, domin agogonsu ɗaya ne.

Likita ya sa tiyata safiyar Talata. Auta ya zaɓi ranar a kalandar manhajar da yamma, bayan ya dawo gida. Abin da bai lura da shi ba shi ne, ba ranar kaɗai manhajar ta adana ba, har da sa'ar da ya danna. Wayar Yaya kuwa ta lissafa da agogon can, inda wannan sa'ar ta riga ta faɗa cikin wata rana, sai ta nuna masa Laraba.

Yaya ya kira. "Na ga ranar, zan iso kafin a shiga da ita. Kada ka gaya mata. So nake in durƙusa a gabanta in nemi gafara da bakina."

"Allah ya kawo ka lafiya, Yaya."

Babu wanda ya ambaci sunan ranar a cikinsu.

Safiyar Talata Auta ya yi ta kira, wayar a kashe, domin mai ita yana cikin jirgi. Da aka zo tura gadon, ya kasa riƙe sirrin, ya gaya mata. Ta yi murmushi. "Wannan? Ko ranar haihuwarsa sai da ya makara."

Aka shiga da ita, Allah bai ƙaddara za ta farka ba.

Da yamma Yaya ya iso da jakarsa, ya tarar da takalma jibge a bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallonsu, sannan ya miƙa wa ƙanensa waya. "Laraba, Auta. Duba da idonka." Auta ya ajiye tasa kusa da ita, kuma nan take ya gane abin da ya faru.

"Ta ce wani abu a kaina?"

Auta ya maimaita masa maganarta. Yaya ya yi gajeriyar dariya. "Ba ta ce ta yafe ba?"

Ƙarya ta zo har bakin Auta, ya ji tsoron Allah ya haɗiye ta. "Ba ta samu faɗa ba, Yaya."

Gyaran bai ɗauki Auta ko lokacin alwala ba: ya sa manhajar ta riƙa adana shekara da wata da rana kawai. Yaya ya koma bakin aikinsa, bai taɓa ɗora masa laifi ba, ya ce ajali ne. Sai dai idan ya kira, yakan tambayi lafiyar yara kawai, sannan ya yi sallama.