Ni Ce Ma'aunin Kakana

Har yanzu idan aka ɗora dutsen guga a kan sabon yadi, ƙaurin nan ya tashi, sai in ji kamar an ɗauke ni an dire a shagon kakana a Hindawiyya. Kai mai karatu, ko ka je Makka da wuya ka san unguwar, don alhazai ba sa shiga can sai in ɓata suka yi. Lunguna ne matsattsu, gida a kan gida, ruwan na'urar sanyaya ɗaki yana ɗigo maka a ka, kyanwoyi sun fi mutane sanin hanya. In ka hau saman benenmu kana hango dogon ginin agogo a gefen Harami. A nan aka haife ni, a nan na yi wayo.

Mu biyu ne a gidan. Mahaifiyata ta rasu ban isa yaye ba. Mahaifina kuma an kama shi ba takarda aka mayar da shi ƙasarmu, daga nan labarinsa ya yi ta raguwa har ya ƙare. Kakana tela ne, yana da iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin Balaraben da ke da shagon. Ni ko takardar haihuwa ba a yi mini ba, saboda haka babu makarantar da za ta ɗauke ni. Shi ya koya mini Alƙur'ani da haɗa baƙi, ƙafarsa a kan keken ɗinki, kunnensa a wurina.

Safiya ce abin da na fi ƙi. Ta taga nake kallon 'yan matan maƙwabta, masu takarda, suna fitowa da jakunkuna suna ture juna su shiga bas. Da bas ta tafi sai lungun ya yi tsit. Babu yaro ko ɗaya sai ni. Haka zan yi ta zagaya ɗaki har azahar, ina jin kewar da ban ma san sunanta ba a lokacin.

Kowace Juma'a bayan la'asar 'yan garinmu sukan taru a shagon. Akwai magina, akwai direbobi, akwai wata dattijuwa mai sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami. A dafa shayi, a yi gardama kamar za a daku, sannan a zagaya da hular wani, kowa ya jefa abin da ya samu. Makarantar 'yan mata suke ginawa a ƙauyen da ban taɓa gani ba. Wata shekara aka yi rufin kwano, wata shekara rijiya. Kakana ba shi da abin jefawa mai kauri, sai ya ce a saya yadi, shi zai ɗinka wa yaran kayan makaranta: shuɗiyar riga da wando, da farin hijabi.

To, wa zai auna yaran da ke can wata duniya? Sai ya waiwayo ya gan ni.

"Ta'ali, zo nan, uwargida, hau kujerar nan," in ji shi. Haka yake tsokanata, uwargida. "Ke ce tef ɗinsu. Mai tsawo in ƙara mata yatsa huɗu, gajera in rage biyu, khalas, shi ke nan."

Shekara uku ina wannan aikin. Babu rigar da ta bar Makka ban zura ta ba. In ɗaga hannu, in juya, ya ja kafaɗa, ya ce cire. Ina jin kowace rigar makarantar garinmu ni na fara sa ta, kuma ko ƙofar aji ban taɓa gani ba.

Lokacin Hajji kuma sai ya shiga roƙon kilo. Jirgi yana da iyakar nauyin da yake ɗaukar wa kowane alhaji, to kakana yakan bi masaukan mutanenmu a Jarwal da Aziziyya yana cewa, "Alhaji, ba kuɗi nake roƙo ba, wurin riga biyu a jakarka." Wasu su karɓa, wasu su nuna masa jaka ta cika da dabino da tsarabar mata. Ba ya zuwa da ni, don bincike yakan tsananta a kwanakin. Yakan kulle ni a gida, ya bar mini gurasa da wake.

Wata Juma'a ɗaya daga cikin maginan ya zo da bidiyo a wayarsa. Ga 'yan mata sun yi layi a gaban aji suna karatu da ƙarfi, duk cikin shuɗi da fari. Dattawa suna ta masha Allah, har da mai share hawaye. Ni kuwa na hango wata a layin gaba, bakin wandonta da koren zare, wanda kakana ya ɗinka ranar da shuɗin ya ƙare mana. Na san wandon nan, na sa shi. Ba zan ɓoye maka ba, na tsani yarinyar nan tsana mai tsanani.

A satin na saci riga da wando na tura ƙarƙashin katifa. Da bas ta tafi sai in sa su in hau saman bene, in jera jarkokin ruwa a jikin bango, in zauna a tsakiyarsu. Ni ce malama, ni ce ɗaliba. Na yi kusan wata ina haka, har ranar da kakana ya hau shanya yadi ya same ni ina ɗaga hannu ina jira a kira ni.

Na zaci duka zan sha. Ya dube ni, ya dubi jarkokin, ya ce, "Kafaɗar ta yi miki daidai." Sai ya zauna a kan matakala da jiƙaƙƙen yadin a cinyarsa, ya daɗe bai tashi ba.

A shekarar an ba marasa takarda damar fita daga ƙasar ba tare da hukunci ba. Ranar Juma'a, tun kafin shayi ya nuna, kakana ya ce, "Mun rufa wa 'ya'yan mutane aji, tawa tana karatu da jarkoki. Ku taimake ni ta tafi."

Dattijuwar nan ta ce, "Malam, ka san in ta fita ba ta dawowa?"

"Na sani."

"Wa zai miƙa maka ruwa in ka kwanta?"

Hula ta zagaya, ranar ta dawo da nauyi. Na ruga na ɗauko kayan makarantar da na sata na ajiye a gabansa ina kuka. Na ce, "Ya jaddi," wato kakana, "wallahi na fasa, ba na son madrasa." Ya naɗe su ya mayar mini, ya ce, "Yalla, maza karɓi, uwargida, kada ki ba ni kunya gaban baƙi."

Dattijuwar za ta koma gida gaba ɗaya, ita aka haɗa ni da ita. Kakana ya raka mu bakin titi, ya tsaya da tef a wuya har tasi ta sha kwana.

A ƙauye ƙanwarsa ce ta riƙe ni. Na shiga aji ina da shekara goma sha ɗaya, cikin ƙananan yara, suna dariyar Hausata mai gauraye da Larabci. Ko'ina na duba rigata ce a jikin wata, amma ban sami ƙawa ba sai da aka daɗe. Karatu dai na yi shi kamar mai jin yunwa.

Da alhazai suka dawo a shekara ta gaba, an kawo kayan yara kamar kullum, da wani ƙunshi daban an rubuta "na uwargida" da ajami. Na zura. Hannun rigar bai kai wuyan hannuna ba, wandon ya tsaya can saman idon sawu. Yatsa biyu ya ƙara, ni kuwa na ƙaru da fiye da taƙi guda. Da yamma ya kira wayar ƙanwarsa.

"Ta yi daidai?"

Na ce, "Ta yi, ya jaddi. Cif."

Ya yi dariya, ya ce ai shi ko ido rufe ya san awona. Bai kai wani Hajjin ba. A Makka aka binne shi, ban san ko ta ina kabarin yake ba.

Yau ni malama ce a makarantar. Ƙungiyar tana nan, 'ya'yan waɗancan dattawan ne ke riƙe da ita, ta waya suke turo gudummawa, babu mai bin alhazai roƙon kilo. Telan garinmu ne ke zuwa ya auna kowace yarinya ita kaɗai, kayan kuma sun fi zama a jiki, gaskiya. Mutane suna cewa na yi sa'a, kuma na yi. Sai dai duk ranar da telan ya zo nakan bar wa wata malama ajin in fita waje. Da na gaya wa kakana rigar ta yi kaɗan, da ya tambaye ni da yatsa nawa, da ya san na girma. Ya rasu bai san tsawona ba, kuma ni ce na ɓoye masa.