Ranar da Na Tuƙa Baba Zuwa Tsallaken Rafi

Shekara biyu ina riƙe da lasin tuƙi, amma iyakata daga Garki zuwa Kurudu, shi ma a motar maƙwabciyata. Ana nan sai Baba ya ce yana marmarin ganin amininsa da suka yi aikin direba tare, wanda ya koma ƙauyensu can bayan Kwali yana noman doya. Idon Baba ya yi rauni a lokacin, ya daina tuƙi. Na ce ni zan kai shi.

Na ɗauki hayar wata tsohuwar jif a Garki. Mai motar ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Madam, ba kya son direba? Hanyar nan babu kwalta."

Na ce, "Ni ce direbar, oga."

Ƙauyen yana tsakanin rafuka biyu, da damina ruwa kan zagaye shi ya zama tsibiri. Mun je a ƙarshen damina, ruwan ya ja baya amma bai ƙafe ba. Da muka iso mashigin na taka birki. Wata mata ta ratso ta cikinsa ɗauke da tulu a kafaɗa, ruwan iya gwiwarta.

Baba ya kasa kunne yana sauraron gudun ruwan, sannan ya ce, "Ƙasansa dutse ne. Ki sa giya ta ɗaya. Idan kin shiga kada ki ɗaga ƙafa daga kan totur, ko me kika ji."

Na yi bisimilla na shiga. Ruwa ya daki gefen motar, sitiyarin ya fizge hagu, na riƙe shi gam. Tayar baya ta zame, ta sake kama dutse, sai ga mu a kan tudu. Na tsaya ina ta dariya ni kaɗai.

Aminin Baba ya fito yana dogara sanda. Suka rungumi juna, suka daɗe ba su saki ba. Da ya ga ni ce na fito ta ƙofar direba, sai ya ce da irin Hausarsu ta can, "Wannan yarinya shi ne ya shigo da mota? Tun farkon ruwa ko babur bai shigo ba."

Ciwon gwiwa ya hana shi ganin gonakinsa na nesa a shekarar, don haka na zuba su a baya muka zaga tsibirin kaf, ta gefen kunyoyin doya da wurin da mata ke gasa tukwane. Tsofaffin biyu suna ta gardama kan ta inda zan bi, ni kuwa ina bin inda na ga dama.

Da la'asar na sake ƙetare rafin ba tare da Baba ya gaya mini yadda zan yi ba. Kafin mu hau kwalta, Baba ya jingina kansa da kujera ya yi barci.