Zogalen da na zuba a gwangwanin Anti

Na laɓe a bakin taga ina shirin dariya, sai na ji Anti Hajara, matar yayana, tana kuka.

Kun san wasan ƙanin miji. Sati uku ke nan da na juye ganyen shayin Caina da take sha safe da yamma, na cika mata gwangwanin da busasshen zogale. Ni na ɗauka shayin rage tumbi ne.

Ashe Sista Rifkatu, nas ɗin da ke maƙwabtaka da mu nan Kafanchan, take gaya wa cewa an sake gwaji, ƙwayar cutar da aka gani a bakin mahaifarta bara tana nan. In ta daɗe tana iya jawo kansa, wato ciwon daji. Mai ganyen ya ce mata zai ƙarfafa garkuwar jikinta ta kore ta.

Na faɗa ɗakin.

"Anti, na kashe ki! Zogale kike sha!"

Sista ta harare ni. "Shaƙiyyi, ba zogalenka ba ne. Ganyen ma ba wanda ya tabbatar mana yana korar ta. Abin da ke ba ni tsoro, watannin da ta yi tana shayi ba ta koma asibiti ba."

Anti ta share hawaye ta ce, "Mijina, shi ya sa ɗacin ya ragu."

Ba wanda ya yi dariya.

Jibi likita zai duba ta, ni zan kai ta a mashin. Ita ta ce in rubuta: wadda ta taɓa shiga wannan, don Allah ta gaya mana abin da ke jiranmu.