Jitar da Moke Ya Goge

Moke Furtado ya yi shekara talatin yana aiki a injin rake, har aka rufe shi. Daga nan ya koma garejin gidansa a garin Hilo, ya riƙe abin da yake yi tun yana saurayi, wato gyaran jita. Da tsofaffin jitocin katakon itacen koa suka fara tsada, irin waɗanda ake kwantarwa a cinya a kaɗa da guntun ƙarfe, sai ya zama shi ake kawo wa ya faɗi kuɗinsu. In Kawu Moke ya ce kaza, to kaza ne.

Wata Talata, ana ruwa kamar kullum, Puanani Akiona ta shigo da jitar marigayi babanta a naɗe cikin bargo.

"Kawu, wani daga California ya taya dala dubu tara," ta ce. "Takarda kawai yake so daga hannunka, cewa ba a taɓa ta ba tun da aka ƙera. Rufinmu yoyo yake, har kan gadon Mama."

Moke ya buɗe bargon. Ya san wannan sheƙin. Shekara arba'in da suka wuce, shi da kansa ya kankare tsohon man sheƙin da ke jikin katakonta ya shafa sabo, yana ta alfahari, baban Puanani kuma ya biya shi da busasshen kifi. A lokacin gyara ne. Yanzu masu saye tsohon man suke biya, da ƙarzunansa duka. Wadda aka goge, da ƙyar take wuce dubu uku.

"Bar ta, in duba a tsanake," ya ce.

Kwana uku yana kewaya teburin. Ya ɗauko takarda, ya ajiye. Wa zai gane? Amma in mutumin ya kai ta wurin wani masani fa? In kuma ya faɗi gaskiya, da wane ido zai kalli Inna Akiona, uwar Puanani, a coci?

"Tsoho, jitar nan cizo take yi ne?" in ji matarsa Nohea. Da ya gaya mata, ta riƙe haɓa. "Ai tun muna samari nake ce maka hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Kira yarinyar mutane."

Puanani ta zo ran Juma'a. Ya faɗa mata komai, idonsa a kan takalminsa.

"Kai ka goge ta?"

"Ni ne, 'yata."

"To ka rubuta mana, Kawu! Wa ya sani in ba mu ba?"

"Ba zan iya ba."

Ta naɗe jitar ta fita, ko sallama babu. Mutumin California ya ba da dubu uku da ɗari biyu, ta karɓa, aka gyara rufin ɗakin tsohuwar kaɗai. Sai bayan wata biyar ta fara amsa gaisuwar Moke a kasuwar manoma, shi ma da gyaɗa kai kawai.

Abin da bai gaya wa Nohea ba shi ne, a shekarun nan ba jita ɗaya ya goge ba. Ya tuna goma sha ɗaya, kuma masu su duk sun bar 'ya'ya a garin. Har yau, in mota ta tsaya a ƙofar garejin, sai ya leƙa tukuna ya ga abin da ake fitowa da shi daga bayanta.