Tikiti Biyu, Fasinja Ɗaya

Talata: Tudun Wada zuwa Tiga

Ƙarfe biyar saura kwata na fito daga gidana a Tudun Wada, ladan ma bai gama gyaran murya ba. Uwargida Hajiya Talatu ta rako ni har zaure tana jan buhu: zabi biyu soyayyu, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo mudu guda da kwalbar zuma. Guzurin mutum biyu ke nan. Ta ce tun da gidan 'yan caca muka nufa, gara mu ci namu, don ba ta san wanda yake yi musu yanka ba.

Kada ku yi saurin yi min salati, ku bari in faɗa muku yadda aka yi. A wancan lokacin, da takardar naira ashirin ita ce babba a ƙasar nan, ni wakilin wani kamfanin injin ban-ruwa ne. Kayanmu a Fatakwal suke sauka, don haka ina yawan hawa jirgin sama. Sai masu jirgin suka ce duk wanda ya tara guntun tikiti goma za a ba shi tikiti biyu kyauta, da kwana biyu a wani ƙaton otal mai lambu da tafkin wanka da zauren caca, har da karin kumallo. Shekara ɗaya da rabi ina tara guntayen nan a gwangwanin madara. Dabarar mai otal ba ɓoyayya ba ce: ya ba ka gado kyauta, ka bar masa aljihunka a teburin caca. Ni kuma na yi niyyar in cinye tanar in bar masa ƙugiyarsa.

Sai dai kyauta ba ta rasa igiya a wuya. Tafiya ranar Talata, dawowa ranar Alhamis, a wannan makon kaɗai, kuma sunan da aka rubuta ba a gogewa. Na rubuta nawa, na rubuta na Malam Haladu.

Haladu abokina ne tun muna samari, kuma abokin darata, duk Juma'a sai na je ya cinye ni. Garinsu, Gidan Marke, yana ƙarƙashin ruwan Tiga tun da aka yi dam. Aka tashe su aka ba su sabon wuri a ƙasar Bebeji, yana noman rani yana kamun kifi. Kabarin mahaifiyarsa yana can a tsohon garin, bayan masallaci, gindin wata kuka. Wani alhaji ya taɓa gaya masa cewa daga sama ruwan garau yake, in ya ja baya ana hango katangu a ƙasansa kamar tsakuwa a ƙwarya. Shekara da shekaru maganar nan tana cin sa. Ni na yi masa alkawari zan zaunar da shi a tagar jirgi ya gani da idonsa. Gaskiyar magana, don wannan na tara guntayen, ba don tafkin wanka ba.

Na yi sallah a tasha, bas ta tashi shida saura kwata, naira uku zuwa kwanar Tiga. A Kafin Maiyaƙi muka ɗauki buhunan barkono, muka yi ta atishawa har Kwanar Ɗangora. Nan akwai shinge. Ɗan sandan ya leƙo, ya shaƙi iska, ya ce wane ne mai zabuwa a motar nan. Na ce ranka ya daɗe, ta riga ta mutu, ba ta da takardu. Ya yi dariya ya ɗaga mana katako. Bakwai daidai na sauka, na hau achaɓa naira ɗaya, buhu a tsakaninmu.

Ban tarar da Haladu a gida ba. Rigarsa ta sallah na gani an goge an rataye a igiya, da sabuwar hula a kan turmi. Maiɗakinsa ta ce in duba gona.

Can na same shi, wando a naɗe har gwiwa, fartanya a hannu, ruwa yana shiga alkamarsa. Ashe an sauya ranar buɗe musu ruwa daga Litinin zuwa Talata, jiya da yamma aka faɗa. Alkama kuwa ta fitar da kai, in ta rasa wannan ruwan sai bayan kwana takwas, abincin shekara ya tafi ke nan. Na ce ya bar wa maƙwabci mana. Ya dube ni kamar yadda ake duban wanda bai taɓa noma ba, ya ce ruwa ba a aika masa wakili. Kana juya baya na sama da kai zai toshe ya juya wa tasa, ko da limamin gari ne.

Muka tsaya muna kallon ruwan. Can ya ce, "Sarkin Yawo, ka tafi ka gano min. Ka duba ko kukar nan tana tsaye."

"Ni da ban san inda garin yake ba? Ruwan nan fa ya fi gonar ubana."

Ya tambaye ni yaushe za mu dawo. Na ce Alhamis, sha ɗaya mu sauka Kano. Ya maimaita, Alhamis, sha ɗaya. Na ce ya ɗauki zabuwarsa ɗaya, ya ce a'a, rabon hanya ce.

Kano zuwa Fatakwal

Daga kwanar Tiga zuwa Kano kamar awa guda ce, naira huɗu. Daga tasha na hau tasi ta haɗaka, na sauka a bakin titi na ƙarasa filin jirgi a ƙafa, don masu shiga ciki ninki uku suke karɓa. A kantar masu jirgi na miƙa tikiti biyu. Ma'aikacin ya tambayi ina Haladu. Na ce yana shayar da alkama. Ya ja layi a kan takardar, shi ke nan.

Ku da ba ku hau jirgi a zamanin nan ba, ku sani ba a rubuta wa kowa lambar kujera. Ana buɗe ƙofa sai tsere, manya da ƙanana, har gindin matakala. Ni na yi tseren nan fiye da sau goma, ban taɓa rasa taga ba. Amma ban taɓa yinsa da guzurin mutum biyu ba. Na ƙi ba da buhun a auna don kada a ce ya wuce kima a caje ni, sai na rungume shi. Rowar naira goma ta sa wata tsohuwa mai sanda ta wuce ni.

Na samu kujerar bakin hanya, a hannun dama, dam kuwa a hagu yake in ana tafiya kudu. Da muka tashi ƙarfe ɗaya da rabi na yi ta miƙa wuya kamar zakara, ban ga komai ba sai ƙeyar wani mai barci da ya ja marfin tagarsa. Minti goma an wuce wurin. Aka kawo lemo da burodi, na ci nawa. Na ji kunyar in nemi na Haladu.

Mun ɗan tsaya a Abuja, biyar saura muka sauka Fatakwal. Motar otal ta kwashe mu kyauta.

Laraba: a otal

Ɗaki mai gado biyu suka ba ni, tawul biyu, kofi biyu. Na ɗora buhu a gadon Haladu don kada ya zauna haka nan. Da safe na sauka da takardar karin kumallo biyu, na ce ba za a yi asara ina raye ba. Na cinye farantin farko, ƙwai da burodi da shayi. Na sa aka kawo na biyu, aka ajiye shi a gaban kujerar da ba kowa. Jama'a, na ci abinci a Legas, na ci a Agadas, na ci a Jidda, amma farantin nan ya ƙi wucewa. Na bar shi ya huce.

Abincin rana a otal ɗin kuɗinsa ya kai motar Tudun Wada zuwa Kano sau biyar, don haka na jiƙa garina a kofin wanke baki, na zuba zuma da ƙuli-ƙuli. Na zagaya lambu, na tsaya a tafkin wanka, ruwa garau har kana ƙirga tayil ɗin ƙasansa. Na ce a raina, da haka Tiga take da an huta. Ba wanda na yi wa magana daga hantsi har azahar, ni da ake cewa ko jaki na samu sai na ba shi labari.

Bayan la'asar na leƙa zauren caca, don an ba ni ambulan biyu da aka ce a can ake karɓar kyauta. Wuri ne ba taga ba agogo, sanyi kamar randa, mutane zaune kowa shi kaɗai yana jan hannun wani inji kamar masu tatsar saniyar ƙarfe. Wata mata mai kula da kantar wurin ta zubo min kwabban roba, goma sha biyu nawa, goma sha biyu na Haladu, ta ce na ɗanɗano ne, ba a mayar da su kuɗi sai an buga. Na juya su a hannu. Goma sha biyu, goma sha biyu. Na roƙe ta ta bar min rabi ja, ta canja min rabi zuwa shuɗi. Ta yi, ta nuna min tebur. Na yi godiya na zuba su a aljihu na nufi ƙofa. Tana ta kira wai ba nan ce hanya ba. Na ce ni nan ce tawa.

A bakin get na ji ana alwala ana tari irin namu. Wani dattijon Buzu ne mai gadi, Malam Agali, shekararsa tara rabonsa da gida. Muka yi magariba tare a kan kwali. Na hau sama na sauko da buhun gaba ɗaya, muka raba zabuwa ɗaya, sauran na ce ya riƙe. Ya ce Alhaji wannan ya yi yawa. Na ce ba kyauta ba ce, sauke kaya nake, gobe ina da tsere.

Alhamis: dawowa

Takwas ina filin jirgi. Na tuɓe babbar riga na naɗe a hammata, na tsaya jikin ƙofa ina kallon masu tura matakala, don su ne ba sa ƙarya, lasifika kuwa ta saba. Jirgin tara bai zo ba sai sha ɗaya saura. Ana zare sakata na cire takalma na riƙe a hannu. Mutum mai shekara hamsin da 'yan kai, da furfura, da tumbi, yana gudu a kan kwalta mai zafi ba takalmi, kwabban caca suna kuka a aljihunsa. Da wani ɗan Tudun Wada ya gan ni, da na canja gari. Ni ne na huɗu a matakala. Taga, hannun dama, gaban fiffike.

Bayan Abuja ban ƙara ɗauke goshina daga gilashi ba. Daji ya wuce, duwatsu suka wuce, sai ga dam ɗin shimfiɗe, ya fi yadda na zata girma, bakinsa ya ja baya ya bar farin tabo. Ƙarfe ɗaya da kwata. Na rasa inda zan sa ido. Ina cikin haka sai wani abu ya ƙyalla a tsakiyar ruwan, ya ɗauke, ya sake ƙyallawa, kamar ana ƙifta min ido. Na kafa idona a nan. Na duba gefensa, na duba ƙasansa, na duba har hawaye ya zo. Ruwa ne kore, mai duhu, ba katanga, ba kuka, ba komai. Sai fiffike ya karkata ya rufe.

Tun daga Kano har kwanar Tiga nake shawara da kaina. In na ce na ga kan kuka, wa zai ƙaryata ni? Bakina kuma ya saba da ƙarin gishiri, kowa ya sani.

Biyar da rabi na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, fuskarsa ta ƙone da rana, idanu jajur. A gefensa ga babban farantin silba na maiɗakinsa, wanda ba a saukowa da shi sai da sallah. Muka gaisa, na tambayi alkama, ya ce ta sha ta ƙoshi.

"Ka ce sha ɗaya," ya ce. "Tun hantsi nake cikin kwalekwale. Jirgi uku na haska wa, biyu sun sha a banza."

Sai a lokacin na gane abin da ya ƙyalla. Ƙarin gishirin da na taho da shi ya narke a bakina.

"Na ga haskenka, Malam. Na duba ƙasansa da kyau. Ruwa ne kawai. Ban ga kukar ba."

Ya daɗe yana goge farantin da hannun riga. Sa'an nan ya ce, "To. Ai ita ma ta gaji da tsayuwa." Ya ajiye farantin. "Amma ka ga wurin."

"Na gani."

"A da ni kaɗai na san shi."

Na zazzage masa tsarabarsa a tabarma, ja da shuɗi. Ya ɗauki ɗaya ya ciza, ya tambaya ko kuɗin Turawa ne. Na ce kuɗin 'yan caca ne da suka tuba. Ya ƙirga su, ya dube ni, ya sa yatsa ya fara haƙa gidajen dara a ƙasa. Ya zaɓi shuɗi. Kafin a kira magariba ya cinye ni sau biyu.

Na samu motar ƙarshe, na iso Tudun Wada ana isha'i. Hajiya ta tambayi ina buhunta, na ce yana gadi a Fatakwal. Tafiyar duka ba ta ci min naira arba'in ba, kuma ban bar wa mai otal ko sisi ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Agali da kwalinsa, na gode wa maiɗakin Haladu da ta ba da aron farantinta.